Rawayar da Schiele ya shafa wa jikinsa

To jama'a, a kashe fitilar can ta baya. Yauwa. Malam na gaba, ɗago kanka mana, ba abin sha'awa a jikin nan, tausayi ma zai ba ka. (dariya)

Egon Schiele ke nan, mutumin Ostiriya, ya zana kansa tsirara a 1910 yana ɗan shekara 20. Zanen na gidan tarihi na Leopold a Biyana, babban birnin Ostiriya. Abu uku zan taɓa: launi, tafiyar buroshi, sai farin filin da ke bayansa.

Launi tukuna. Ku dubi fatar nan, rawaya ce mai ratsin kore. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon shawara ya san ta. Ni na yi jinyar ƙanena, kullum da safe in gwale masa ido in ga ko ta ragu, shi ya sa ranar da na fara ganin zanen nan sai da gabana ya faɗi. Fuskar ba ta kuka, ku lura. Fatar ce ke faɗin ciwon. Sai ya ɗauko ja ya ɗiga a ido, a kan nono, a cibiya, kamar garwashin da ya saura cikin toka. Wuraren da in an taɓa mutum zai zabura, nan ya sa jan. Kuma Schiele yana shekara 14 tunjere ya kashe mahaifinsa, ya ga yadda jiki ke lalacewa a cikin gidansu. Rawayar nan dai, rawayar nan.

Na biyu, ko na uku ne? Buroshi. Bai goge sawunsa ba, ya bar fentin dabbare-dabbare, ya yi duhu a gaɓoɓi har kana ƙirga ƙasusuwa. Ƙafafun sun ƙare ba tafin sawu, yana zaune ba kujera.

Na'am, 'yata? Tana tambaya ko a gadon ciwo ya zana shi. A'a, gaban madubi ya yi shi. Hotunansa na kyamara ma ɗan gayu za ki gani, da kwat da gashi a tsaye. Ajalinsa sai 1918, murar Sifaniya, kwana uku bayan matarsa Edith da ke da cikin wata shida. Shekarunsa 28.

Farin filin kuma sai wani jiƙon, an kira salla.