Man suya da kitsen shanu na sha wa tirelata a Kalifoniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da gurnanin da kuke ji, firjin tirelar maƙwabcina ne, tun asuba bai huta ba. Ina nan gefen Bakersfield a jihar Kalifoniya, ina jiran a kira ni a yi min lodi. Raina a ɗan ɓace yake yau, shi ya sa na ce bari in kunna waya mu taɓa hira ko na huce.

Ga rasit ɗin nan, bari in matso muku da shi. Galan ɗaya na man gas, dala 5 saura ƙiris. A Teksas inda na ɗauko hanya, dala 3 da 'yan kai nake sha. Tankuna biyu gare ni, in suka bushe sai sun shanye galan 200 kafin su ce sun ƙoshi. Ku yi lissafin bambancin da kanku, amma kar wanda ya buga shi da naira, ba na son a ce na jawo wa wani hawan jini.

To kuɗin na san da shi, duk direban da ke shigowa jihar nan ya sani. Abin da ya tsayar da ni shi ne man kansa. Ina zubawa sai na ga abin da ke fita daga bakin famfon fari ne tas, ba launi, kuma wannan warin gas da ke kama riga har a kai gida, babu shi. Na duba jikin famfon na ga an manna takarda, R99. Akwai wani dattijo mai rawani a famfon kusa da ni, cikin mutanen Punjab ɗin nan na Indiya da suka riƙe harkar tirela a wannan kwarin. Na ce masa, baba, wannan ruwa ne ko mai? Sai ya yi dariya, ya ce yaro, wannan ba daga rijiya ya fito ba. Ragowar man suyar gidajen abinci ne, da kitsen dabbobi daga mayanka, da man waken suya, aka kai matata aka tace har ya koma man gas. Kashi 99 cikin 100 na abin da ke cikin tankina ke nan. Inji bai san an canja masa komai ba, ba a taɓa ko noti ɗaya ba. Kuma yanzu fiye da rabin man gas ɗin da ake sha a jihar nan irin wannan ne ko ɗan'uwansa.

Na san wani zai yi caraf ya ce da kitsen alade fa? E, wasu matatun har da shi suke haɗawa. Ni dai ba sha nake yi ba, kuma da safar hannu nake zubawa. Malamai suna nan, ku kai musu tambayar, kar a cika min waya.

Ba kuma don son Allah kamfanonin mai suka koma tattara man suya ba, doka ce ta matse su. LCFS suke ce mata. Tun watan Janairun 2007 gwamnan lokacin, Arnold Schwarzenegger, wannan ƙaton na finafinai, ya sa hannu a kan umarnin, hukumar kula da iska ta jihar, CARB, ta tsara ta, ta fara aiki a 2011. Yadda abin yake, duk man da za a sayar wa mota a jihar nan sai an ba shi maki, gwargwadon hayaƙin da ke ɗumama duniya da yake jawowa. Ba abin da ke fita ta salansa kaɗai ake ƙirgawa ba. Tun daga haƙo shi ko noma shi, da tace shi, da jirgin ruwan da ya ɗauko shi, har zuwa ƙonewarsa a inji, duk sai an tara. Man gas na rijiya makinsa wajen 100. Na ragowar man suya bai fi 20 zuwa 30 ba, tunda abin zubarwa ne dama. Na waken suya yana tsakiya, don sai an share gona an zuba taki.

Sai hukuma ta ja layi, kowace shekara tana ƙara sauko da shi. Kamfanin da makin mansa ya haura layi ya ci bashi. Wanda nasa ke ƙasa da layi sai a ba shi takardar shaida, kowace takarda a madadin tan ɗaya na hayaƙin da aka hana tashi. Mai bashi dole ya nemi mai takarda ya saya. Gwamnati ba ta karɓar kuɗin, su ya su suke cinikinsu. A 2020 takarda ɗaya ta kai wajen dala 200. Da kowa ya ga akwai ci a ciki, aka yi ta kwararo man kitse, takardu suka yi yawa, farashi ya faɗo ƙasa da dala 70. Shi ne a watan Nuwamban 2024 hukumar ta ƙara ɗaure igiyar: da an ce a rage kashi 20 cikin 100 zuwa 2030, yanzu ya koma kashi 30, zuwa 2045 kuma kashi 90.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ku tambaye ni wa ke biya. Kamfanin da ya sayi takardar nan ba daga aljihunsa ya ciro ba, a kan famfo yake ɗorawa. Ita kanta hukumar a wani lissafi da ta fitar a 2023 ta ce fetur na iya ƙaruwa da santi 47 a galan, da aka yi mata caa sai ta ja da baya ta ce ba a iya sanin haƙiƙanin abin da zai ƙaru. Abin da ya fi ci min rai ma shi ne, wanda ya tace man suyar nan ya karɓi kuɗin takarda, ya kuma sayar min da man a farashin na rijiya, ko sisi bai rage min ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ce duk tsadar nan laifin doka ɗaya ba ce, akwai harajin jiha, akwai harajin saye, akwai wani tsarin daban na sayen izinin fitar da hayaƙi, ga shi babu bututun da ke kawo musu tataccen mai daga Teksas, abin da ba su tace a nan ba sai ta jirgin ruwa. Amma ni da ke tsaye gaban famfo da kati a hannu, duk tafiyarsu ɗaya.

Man suya fa ya zama dukiya a ƙasar nan. Ku zagaya bayan kowane gidan abinci, za ku ga wani baƙin tanki da ƙaton kwaɗo a jiki, don ɓarayi na zuwa cikin dare da motar ɗaukar kaya da tiyo su zuƙe shi. Har daga Sin ake shigo da shi jirgi-jirgi, ana ma zargin wasu na haɗa sabon manja su ce tsohon mai ne don su ci makin. Na ce oho, da wajenmu Kalifoniya za ta jira ragowar man suya, da tirelolinsu sun kwana a hanya. Wace mai ƙosai ce za ta zubar da mai? Na jiya a ƙara masa sabo a ci gaba, har sai kasko ya bushe. Kai, na tuna ƙosan bakin tashar garinmu da safe, da yaji da koko mai zafi. Nan in ka ga na karya da wani abu to burodi ne mai sanyi da shayin roba, dala 6 sun tafi.

Na kashin shanu shi ya fi ɗaure min kai. In ka bi babbar hanya mai lamba 99 daga nan ka nufi Tulare da Fresno, ko gilashinka a rufe yake sai warin ya same ka. Gidajen madara ne, shanu dubbai a waje ɗaya, ba kiwo ba yawo, suna tsaye ana tatsa. Kashin nasu da ruwa ake wanke shi zuwa wani ƙaton kududdufi, to yanzu sai ka hango an lulluɓe kududdufin da baƙar leda mai kauri, ta kumbura ta yi tozo. Iskar da ke tashi daga ruɓewar kashin ce ake tarewa. Mitan ake ce mata, kuma a cikin shekara 20 ta fi hayaƙin mota riƙe zafi sau 80 da wani abu. Sai a tace ta a tura a bututu, motocin kwasar shara da bas-bas su sha. Saboda an hana ta tashi sama, makinta ƙasa da sifili yake, takardun da ake samu a kanta ba a magana. Akwai masu cewa yanzu wasu masu shanun kashi suke kiwo, madara ta zama ta gefe. Mutanen ƙananan garuruwan da ke kewaye, yawancinsu leburorin gona 'yan asalin Meziko, sun daɗe suna kuka da wari da ƙudaje da ruwan rijiyarsu da ya gurɓace, suna cewa dokar manyan masu shanu take ƙara wa ƙarfi. Ni da na kwana a mota kusa da irin wurin nan, wallahi ina bayansu. Mu a gida manomi har roƙon Bafulatani yake ya sauka a gonarsa da rani don shanu su bar masa taki, ba wanda ya taɓa jin ƙauye ya tashi saboda wari.

Duk da mitar nan da nake yi, akwai abin da ba zan ɓoye ba. Ni yaron mota na fara, na san yadda tirela ke hawa Hawan Kibo da lodi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har na baya ba ya ganin gabansa, mu da ke saman kaya mu sauko hanci duk baƙi. Jiya na hawo tsaunin da ke tsakanin Los Angeles da nan, tireloli jere a giyar ƙasa, ban ga hayaƙin ko ɗaya ba. Kuma duk azumi in na kira Hajiyata, maganar farko zafi ce, ta ce irin wanda ba su saba gani ba. Mutanen da ba su ƙona abin kirki ba su ke shan ukubar. To in da gaske kuɗin nan nawa yana rage wani abu, zan biya, amma ina biya ina ƙunƙuni. Ƙanena da ke jan adaidaita sahu shi ma yana ta damuna in turo masa kuɗi ya mayar da ita mai amfani da iskar gas. Shi ba ruwansa da ɗumamar yanayi. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta zo ta haura 1,000, aljihu ne ya koya masa.

Yanzu ku masu turo min saƙo kuna son shiga harkar tirela a Amurka, ku buɗe kunne. Kar wani dillali ya lallaɓe ka da tsohuwar mota mai araha in kana da niyyar shigowa jihar nan. Tun farkon 2023 babbar motar da injinta ya girmi na 2010 ba ta da hurumin aiki a nan, ko daga wace jiha lambarta take. Akwai kuma rajistar gwajin hayaƙi, wajen dala 30 a shekara, kuɗin ba yawa amma rashin yinta na iya jawo maka abin da ya fi shi. Barin inji a kunne kana tsaye fiye da minti 5 laifi ne, sai in injinka na da takardar shaidar da ta yarje. Sannan wannan wayon da kowa ke yi, a cika tanki a Arizona kafin a tsallako kogin Colorado a shigo ta Blythe, yana rage zafi, ni ma ina yi in hanya ta ba ni. Amma kar ka ɗauka ka tsere wa haraji, don duk wata uku sai an lissafa mil nawa ka yi a kowace jiha, Kalifoniya ta karɓi rabonta ko ba ka sha ɗigo a cikinta ba. Kuma ka iya bambance R99 da B20, wato man gas na rijiya da aka gauraya da kashi 20 cikin 100 na wani man kitse da man shuka da ake kira bayodizal. Na biyun in ka cika shi da hunturu ka haura duwatsu ka nufi Reno ko Wyoming, yana iya yin kauri ya toshe maka matatar mai, kuɗin janwe kaɗai ya cinye ribar tafiyar.

Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne matatu. Biyu a yankin San Francisco, ta Rodeo da ɗaya daga cikin na Martinez, sun daina tace ɗanyen mai sun koma na kitse da man suya. Kamfanin mai na Phillips 66 ya sanar da rufe tasa ta Los Angeles, kamfanin Valero ma ya sanar da rufe tasa ta Benicia. A watan Yunin 2025 Trump ya sa hannu aka soke izinin da jihar ta dogara da shi na hana sayar da sababbin motocin fetur daga 2035, suna can kotu, amma ita dokar mai tana nan daram. Matatu na raguwa, layi na ƙara saukowa, ni kuma kuɗin da ake biyana a kowane mil bai motsa ba. Na riga na gaya wa mai nemo min lodi, daga yau duk kayan da za su shigo da ni jihar nan sai an ƙara min kuɗin mai a kai, in ba haka ba a ba ni na Oklahoma.

Ga shi sun kira ni, ƙofa ta 14. Bari in je in yi ribas kafin wani ya shige gabana. A gaida mutanen gida, sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.