Tambayoyi Ashirin na Lenore Radloff da Yadda Ake Auna Ciwon Damuwa

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, da ma'aikatan lafiya da suka baro aiki suka zo, ina yi muku barka da zuwa. Na bayan can, in ba kwa ji ku ɗaga hannu.

Yau zan yi magana ne kan wata mai bincike Ba'amurkiya, Lenore Radloff. Da yawanku ba ku san sunanta ba, amma duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri kan ciwon damuwa, da wuya bai ci karo da haruffan CES-D ba. To, aikinta ne: ma'aunin alamomin ciwon damuwa mai tambayoyi 20. A 1977 ta wallafa shi, lokacin tana aiki a NIMH, cibiyar gwamnatin Amurka mai binciken lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kafin ita akwai ma'aunai. Max Hamilton ya fitar da nasa a 1960, Aaron Beck a 1961. Sai dai an yi su ne don marar lafiyar da ya riga ya zo asibiti. Na Hamilton ma likita ne ke cikewa. Ita kuwa abin da ta sa a gaba daban ne: mutanen gari fa, waɗanda ba su taɓa zuwa gaban likita ba, nawa ne cikinsu ke fama? Aka tsamo tambayoyi daga tsofaffin ma'aunai, aka tace su zuwa 20, aka gwada su kan mutanen Kansas City da gundumar Washington a jihar Maryland, da kuma majinyata.

Ga yadda abin yake. Ana tambayarka makon da ya wuce kawai. Kwana nawa abinci ya fita daga ranka? Kwana nawa barci ya ƙi daɗi? Kwana nawa ka ji komai ya zame maka jan aiki? In bai kai kwana ɗaya ba, sifili. Kwana 1 zuwa 2, maki ɗaya. Kwana 3 zuwa 4, biyu. Kwana 5 zuwa 7, uku. A haɗa, a samu tsakanin 0 da 60. Ba sai likita ba, ma'aikacin da aka horar zai iya zama a zaure ya karanta wa mutum cikin 'yan mintuna, kuma ba a biyan ko sisi. Wannan sauƙin ne ya sa bincike dubun-dubatai suka ambaci takardarta.

Amma ni ba yawan ambaton nake so ku riƙe ba. Akwai lamba 16, wadda aka saba ɗauka a matsayin iyaka. Sai ka ga ɗalibi ya raba takarda, ya ƙirga waɗanda suka kai 16, ya rubuta cewa kaza cikin ɗari "suna da ciwon damuwa". A'a, malam. Radloff da kanta ta yi gargaɗi cewa ma'aunin ba na tabbatar da cuta ba ne. Kamar ma'aunin zafin jiki yake: zai ce akwai zazzaɓi, ba zai ce na cizon sauro ne ko taifod ba. Matar da aka yi wa rasuwa shekaranjiya tana iya haura 16. Mai ciwon suga da ba ya barci ma haka. Sai an zauna da mutum an bincika.

Sai kuma inda abin ya fi ba ni sha'awa. Huɗu daga cikin tambayoyin an juya su, suna tambayar alheri: ka ji daɗin rayuwa, kana da kyakkyawan fata kan gobe, ka ji kai ma ba ka gaza kowa ba. An yi haka ne don kada mutum ya bi layi yana ta cewa e. A waɗannan huɗun makin ma a juye yake: wanda ya ce bai ji haka ba shi ke samun maki mai yawa. Da aka kai ma'aunin Japan, masu bincike irin su Noboru Iwata suka lura mutanen can ba sa son yabon kansu, sai makinsu ya hau alhali ba su fi Amurkawa nuna sauran alamomin ba.

Ku ɗauko wannan ku kawo gida. Ka tambayi dattijuwa ko ta ji ba ta gaza sauran mutane ba, kunya kaɗai za ta hana ta amsawa. Ka tambaye ta fatanta kan gobe, ta ce sai godiyar Allah, ko da kwana take tana kuka. Tambaya ɗaya za ta ɗaga makin, ɗaya ta danne shi. Saboda haka fassara ba ta isa ba, dole a gwada ma'aunin da binciken likita a wurin, a ga inda iyakar ta faɗa. Irin aikin da Farfesa Oye Gureje ya yi ke nan wa wani ma'aunin lafiyar ƙwaƙwalwa, GHQ, a Ibadan. A Zimbabuwe kuwa su Vikram Patel sabo suka gina daga yadda mutanen Shona ke faɗin damuwarsu.

Ko a Amurkan ma ba a bar na Radloff yadda yake ba. William Eaton da abokan aikinsa sun sabunta shi a 2004. Na asali ba ya tambayar tunanin kashe kai, sai aka ƙara a sabon. Wanda zai yi amfani da sabon, ya tanadi inda zai tura mutum tun kafin ya fara raba takarda.

Shugaban taro na nuna mini agogo. Bismillah, a fara tambayoyi daga ɓangaren mata.