Amsoshin Tambayoyinku: Duwatsun da Mutanen Zamanin Da Suka Bari a Tsibirai

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar da ke gabanmu ta wata mai sauraronmu ce. Ta ji an ce an tono kayan aikin dutse na mutanen zamanin da a wasu tsibirai, shi ne take tambaya: ta yaya ake gane hannu ne ya sassaƙa dutse, ba faɗuwa ce ta fasa shi ba? Kuma ta ina mutanen suka bi har suka isa can?

Malama, mun gode ƙwarai. Dutsen da mutum ya ɓalgata da gangan yana ɗauke da shaidarsa. Daidai inda aka doke shi za ki ga ɗan ƙullutu, sannan layuka sun bazu daga wurin kamar idan kin jefa tsakuwa a tafki. Bakinsa kuwa kaifi, an ɓanɓare shi sau da yawa ta gefe guda. Kogi ba ya haka, shi goge dutse yake yi har ya zama sumul.

Shekarun kuma ƙasar da ta binne dutsen ce ke faɗa. A Wolo Sege da ke tsibirin Flores na Indunusiya, an samu duwatsun ƙarƙashin tokar dutse mai aman wuta mai shekara kusan miliyan ɗaya. A 2025 aka sanar da wasu guda 7 a Calio, tsibirin Sulawesi, su ma sun haura shekara miliyan. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne na Kalinga a tsibirin Luzon, ƙasar Filifin: duwatsu 57 kusa da ƙasusuwan karkanda, ga shatin yanka a jikin ƙasusuwan, har da alamar bugu don a kai ga ɓargo. Shekara 709,000 ke nan da wani ya tsuguna a wurin yana fiɗa.

Tambayarki ta biyu, nan ne gizo ke saƙar. Flores da Sulawesi ba su haɗe da babban yankin Asiya ba, ko lokacin da teku ya ja baya. Dole an ƙetare ruwa mai zurfi. Ba a taɓa tono kwalekwale mai irin waɗannan shekaru ba, don haka masana da dama suna ganin igiyar tsunami ce ta kwashe mutanen a kan tarin itatuwa ta kai su gaci. Ni ma can na fi karkata.

A Flores ɗin dai, cikin kogon Liang Bua, aka tono ƙasusuwan wani jinsin mutum a 2003, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba.