Dajin da Kaset Ya Cinye

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganarmu a kan tsofaffin fina-finan tsoro na daji ce da yadda ake ceto su, amma daga wani ɗakin ajiya za mu fara, a birnin Pittsburgh na Amurka. Akwai wata kwantena a wurin cike da gwangwanayen fim, an yi mata rubutu cewa kayan ciki na lalatawa ne. Abin da ke cikin gwangwanayen nan asalin nagetif ne, wato zaren da ya bi ta cikin kyamara ranar ɗauka, na wani fim ɗin Ostireliya mai suna Wake in Fright, wanda Ted Kotcheff ya ba da umarni, ya fito a 1971. Wanda ya gano su kuwa Anthony Buckley ne, editan da ya yanka fim ɗin ya haɗa shi da hannunsa tun farko. Ya shafe shekaru yana cigiya kamar mai neman ɓataccen ɗa. A 2004 aka ceto kayan, ƙiris ya rage su bi shara.

Ku riƙe wannan kwantenar a zuciya, za mu dawo mata.

Irin fina-finan da muke magana a kai, labarinsu gajere ne. 'Yan birni sun ɗauki jaka sun shiga dawa da sunan hutu, suna ganin kansu wayayyu, sai dawar ta nuna musu ba ta san da zamansu ba. Wanda ya buɗe wa wannan salo kasuwa shi ne Deliverance na John Boorman a 1972, da aka ɗauka a kogin Chattooga da ke jihar Georgia. Shi ya yi suna, ya yi kuɗi, babu wanda ya taɓa tsoron zai ɓata. Ƙannensa ne abin tausayi, wato ƙananan fina-finan da aka yi da kuɗi kaɗan a Kanada da Ostireliya da Amurka, suka yi 'yan kwanaki a silima, aka sauke su, kamfanin da ya raba su ya ruguje, shi ke nan ko sama ko ƙasa. Abin da ya riƙe sunansu shi ne wasu tsirarun masoya 'yan ga-ni-kashe-ni da ke musayar tsofaffin kaset a tsakaninsu.

To amma me suke kallo a kaset ɗin? A nan maganar take.

A irin wannan fim, babban jarumi daji ne. Tsoron yana fitowa daga faɗin wuri, inda za ka ga mutum ya zama ɗan tsito a tsakiyar itatuwa, da kuma duhu, inda ido ke ta lalube ko akwai wani abu a bayan wancan kututture. Kaset kuwa waɗannan biyun ya fi ci. Wanda ya yi zamanin hayar kaset ya san fuskar talabijin ta lokacin kusan murabba'i ce. Fim mai faɗi sosai, irin Long Weekend na Ostireliya da ya fito a 1978, in za a cika fuskar talabijin da shi sai an datse gefe da gefe, a zubar da fiye da kashi 40 cikin 100 na hoton. Abin da aka zubar ɗin nan shi ne dajin. Sai a bar ka da fuskokin mata da miji suna cacar baki, alhali darakta so ya yi ka ga bakin teku da kurmin da suka kewaye su suna jiran su.

Duhun kuma ya fi muni. Akwai wani fim na Kanada, Rituals, na 1977, wanda Peter Carter ya ba da umarni, Hal Holbrook ya ja ragama. Likitoci biyar ne jirgi ya sauke su a ƙungurmin dajin arewacin Ontario. Suka kwana, gari ya waye, babu takalmansu, an kwashe. Ni a ganina babu dabarar tsoratarwa da ta kai wannan sauƙi da mugunta: ba a harbi kowa ba tukuna, amma an riga an gama da su, don mai digiri ba takalmi a kan duwatsu da ƙaya ba shi da maraba da jinjiri. Daga nan sai gidan zuma da aka jefo musu, sai tarkon ƙarfe da aka ɗana a cikin ruwa. A Amurka an canja wa fim ɗin suna zuwa The Creeper, aka yanke masa mintoci. Sashensa na ƙarshe kuma, wanda ya faru da dare a cikin wata bukkar katako, a kaset baƙi ƙirin yake. Mutane sun yi shekaru suna jin ihu da ƙarar katako ba tare da sun ga wa ya kama wa ba. Sai a 2011 kamfanin Code Red ya fitar da cikakkensa a faifan DVD, daga baya Scorpion Releasing ya fitar da shi a Blu-ray. Ko a nan ɗin duhun bai washe tas ba, amma an fara gane abin da ke gudana a bukkar.

Me ya sa wani fim yake dawowa ras kamar jiya aka ɗauka, wani kuma sai dai haƙuri? Amsar tana wajen nasaba.

Wanda ya taɓa kai fim ɗin kyamara wajen mai hoto a wanke masa ya san nagetif. A silima ma haka ne. Zaren da ya bi ta cikin kyamara ranar ɗauka, shi ne uwa. Ba a wasa da uwa, don haka sai a buga 'ya daga jikinta. Daga 'yar a buga jika. Daga jikar ne ake buga ɗaruruwan kwafin da ake rabawa gidajen silima, tattaɓa-kunne ke nan. Kowane bugu yana rage wani abu, kuma abin da ya fi saurin tafiya shi ne ɗan hasken da ke ɓoye cikin inuwa. Kwafin silima kuma wahala yake sha: majigi ya karce shi, ya tsinke a liƙa, ƙura ta hau. Kaset da yawa na ƙananan fina-finai daga irin wannan gajiyayyen tattaɓa-kunne aka ɗauko su, sannan 'yan kwafi suka yi ta kwafar kwafi.

Idan an samu uwa, an tsira. Idan babu, sai a yi abin da kamfanin Scream Factory ya yi a 2014 da The Final Terror. Andrew Davis ne ya ba da umarninsa, wanda daga baya ya yi The Fugitive. An ɗauke shi a dajin manyan itatuwan arewacin California a 1981, ya zauna a ajiye har 1983, lokacin da 'yan wasansa irin su Daryl Hannah da Rachel Ward suka fara suna. Uwa ta ɓata, 'ya ta ɓata. Kamfanin ya aro kwafi 6 daga hannun masu tara tsofaffin fina-finai, ya bi naɗi-naɗi yana zaɓen wanda ya fi lafiya, ya harhaɗa. Suka kuma sa sanarwa a farkon faifan suna faɗa wa mai kallo gaskiyar lamarin. Wannan gaskiyar ta burge ni fiye da fim ɗin kansa, wanda, in za a faɗi tsakani da Allah, matsakaici ne.

Ko uwar ma ba ta zama lafiya don kawai an ajiye ta. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin asitet aka yi shi. In ya sha zafi da laima sai ya fara ruɓewa daga ciki, yana fitar da wari mai tsami irin na ruwan kal, ya motse, ya kanannaɗe, ya yi ƙaras-ƙaras. Tururin da yake fitarwa yana harbin gwangwanin da ke kusa da shi, kuma in cutar ta kama ba ta warkewa, sai dai a rage mata gudu da ɗaki mai sanyi. Sunan wannan cutar wani kamfani a jihar Connecticut ya ɗauka ya raɗa wa kansa a 2012, Vinegar Syndrome, aikinsa kuwa tono irin waɗannan fina-finai.

Sai launi. Hoton fim rini uku ne a jere: rawaya, shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda. A kwafin da aka buga a zaren fim mai launi na Eastmancolor kafin farkon shekarun 1980, shuɗin da rawayar su ke fara koɗewa, jan ya zauna daram. Ku tuna darasin firamare: shuɗi da rawaya ne ke haifar da kore. Ma'ana, a tsohon fim ɗin daji, ganye ne ke fara mutuwa. Kurmin da yake kore shar ranar ɗauka, bayan shekara talatin sai ka gan shi jaja-jaja kamar an watsa masa zoɓo.

Aikin gyaran kansa na haƙuri ne. A duba zare da hannu, a gyara inda ya yage, a wanke, sannan a ɗora a na'urar sikanin da ke ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Wasu na'urorin suna jiƙa zaren da wani ruwa da ke cike karce don kada haske ya nuna shi. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, don haka fim na minti 90 hoto 129,600 ne. Kwamfuta tana taimakawa wajen share ɗigo da ƙura, amma sai da idon mutum a kai, don ba ta bambance ƙura da ɗigon ruwan sama ko tartsatsin wuta. Fim ɗin da rabinsa zaman gindin wuta ne a dawa, kun ga inda matsala za ta taso.

Akwai kuma cutar tsafta. Zaren fim yana da wani yashi-yashi a jikinsa, daga ƙwayoyin da ke kama haske, kuma ya fi yawa a ɗaukar dare. Wasu masu gyara suna goge shi gaba ɗaya don hoto ya yi sumul, sai fatar mutum ta koma kamar ta 'yar tsana, ɓawon itace ya koma roba. Haka nan mai daidaita launi yana iya ɗaga haske har dare ya koma almuru, ka hango maharin tun kafin lokacin da aka so ka gan shi. Shi ya sa kamfanonin kirki ke neman darakta ko mai ɗaukar hoton, in suna raye, su zauna a gefe su ce nan ya isa.

Kuɗin duk wannan daga ina? Daga waɗancan masoyan. Ana buga 'yan dubban faifai kawai, a sa musu kwali mai kyau, a ƙara hira da tsofaffin 'yan wasa da sharhin darakta a kan fim ɗin daga farko har ƙarshe. Sau da yawa gano mai haƙƙin mallakar fim ɗin ya fi gano gwangwanayen wuya. Wanda ke sha'awar saye daga nan gida ya lura: an raba duniya shiyya uku a Blu-ray, A da B da C. Afirka tana B tare da Turai da Ostireliya, Amurka da Kanada suna A, don haka faifan Amurka na iya ƙin buɗewa a na'urarka. Faifan 4K ba shi da wannan kulle.

Mu ma labarin ya taɓa mu ta wani gefe. Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976 da aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Balewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano nagetif ɗinsa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya dawo ne saboda yana da uwa. Fina-finan Kano na shekarun 1990 kuwa kai tsaye a kan kaset aka ɗauke su, babu nagetif a bayansu da za a koma wa. Iyakar abin da kaset ɗin farko ya kama, shi ne iyakar abin da za a iya ceta, in ma laima ta bar shi.

To, mu koma kwantenar Pittsburgh. An mayar da kayan Ostireliya, ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasar ta ɗauki nauyin gyara. A 2009 aka nuna Wake in Fright a bikin Cannes na Faransa, inda aka fara nuna shi shekara 38 kafin nan, sannan ya fito a DVD da Blu-ray a shekarar. Labarin wani malamin makaranta ne da ya yada zango kwana ɗaya a wani garin haƙar ma'adinai a kan hanyarsa ta zuwa Sydney, ya zubar da kuɗinsa kaf a cacar jefa kwabo, garin ya haɗiye shi da giya da karamcin dole. A Broken Hill aka ɗauki yawancinsa. Nasa dajin ba na itatuwa ba ne, fako ne da rana. Ina gargaɗin mai raunin zuciya, akwai farautar kangaru da dare a ciki, kuma harbin na gaske ne, mafarauta aka bi aka ɗauka.

Ga yadda hoton farko na fim ɗin nan yake a gyararren kwafi. Kyamara tana sama, tana juyawa a hankali har ta zagayo inda ta fara. Layin dogo ya miƙe, ga ɗan gini a wannan gefe, ga wani a wancan, sauran duk jar ƙasa ce har inda ido ya tsaya. Ɗaya daga cikin gine-ginen nan biyu makarantar da malamin yake koyarwa ce.