Dajin Karura: Yadda Maƙwabta da Hukuma Suka Raya Wurin Shaƙatawa a Nairobi

Jama'a masu kallo, assalamu alaikum. Wannan koren yanki da ake gani a kan taswirar birnin Nairobi, wanda gine-gine suka yi wa ƙawanya ta kowace fuska, shi ne dajin Karura da ke arewacin Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya. Faɗinsa ya ɗan haura hekta 1,000, kuma tun shekarar 1932, zamanin mulkin mallakar Turawan Ingila, aka ayyana shi a matsayin gandun dajin gwamnati. A yau, duk ranar Asabar da Lahadi, za ka tarar da iyalai zaune a inuwa suna cin abinci, matasa suna gudu ko tuƙa keke a kan hanyoyin da tsawonsu ya kai kusan kilomita 50 idan an haɗa su, 'yan makaranta kuma suna biye da malamansu zuwa wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, ko zuwa kogunan dutse da ake cewa mayaƙan Mau Mau sun ɓuya a cikinsu lokacin gwagwarmayar neman 'yancin kai. Kafin shekarar 2009 kuwa, mutumin Nairobi ba ya yarda ya shiga wannan daji ko da rana tsaka, domin an san shi da 'yan fashi, har ma akan tsinci gawa a cikinsa. Abin da za mu yi bayani a kai shi ne yadda aka tashi daga wancan hali zuwa wannan, da kuma hannuwan da suka haɗu suka yi aikin.

Ya kamata a fara da sanin maƙwabtan dajin, domin su ne ginshiƙin labarin. Ta wani ɓangare akwai unguwannin masu hannu da shuni irin su Muthaiga da Runda da Gigiri, inda ofisoshin jakadanci suke, inda kuma hedikwatar hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya take. Ta wani ɓangaren kuma, manne da dajin, akwai Huruma, unguwar talakawa mai gidajen kwano da cunkoso, wadda mazaunanta suka daɗe suna dogaro da dajin wajen samun itacen girki. Mutanen nan biyu suna kallon itatuwa iri ɗaya ta tagoginsu, amma abin da dajin yake nufi ga kowannensu ya sha bamban, kuma duk wani shiri da bai yi la'akari da wannan bambanci ba, da wuya ya yi ƙarko.

Barazana mafi girma da Karura ya fuskanta ta fito ne daga cikin ofisoshin gwamnati. A shekarun 1990, lokacin mulkin Shugaba Daniel arap Moi, an riƙa yanka filayen jama'a a asirce ana raba wa kamfanoni da makusantan masu mulki, kuma babban kaso na dajin ya faɗa cikin wannan rabo. Duk wanda ya taɓa wayar gari ya ga an kafa harsashin shaguna a filin ƙwallon unguwarsu zai gane yadda abin yake faruwa: takardu sun riga sun fita, an buga musu hatimi, sai dai mutane su ga motocin rusau sun iso. A shekarar 1998 aka fara sare itatuwa ana fitar da hanyoyi domin gina gidajen alfarma, kuma a nan ne Farfesa Wangari Maathai ta shigo.

Wannan baiwar Allah ba baƙuwa ba ce a irin wannan fafutuka. Ita ce ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement a 1977, wadda ta sa matan karkara dasa itatuwa, kuma a 1989 ita ce ta tsaya kai da fata wajen hana gina bene mai hawa 60 a filin shaƙatawa na Uhuru da ke tsakiyar Nairobi, har masu zuba jari suka janye, aikin ya mutu. A Karura, makaminta shi ne dashe. Ita da matan ƙungiyarta sun riƙa shiga dajin da ƙananan itatuwa a hannu suna dasawa a wuraren da aka sare, wanda hakan hanya ce ta cewa ƙasar nan tana da masu ita. Ranar 8 ga Janairun 1999, wasu ƙarti da aka ɗauka haya domin gadin wurin suka far musu da kulake da bulala, suka fasa mata kai, suka raunata 'yan majalisa da 'yan jarida da ke tare da ita. Hotunan sun zagaya duniya, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya yi tir da harin, ɗaliban jami'a kuma suka fantsama kan titunan Nairobi suna zanga-zanga. Zuwa watan Agustan wannan shekara, shugaban ƙasa ya sanar da dakatar da rabon filayen jama'a, gine-ginen da aka fara a dajin kuma suka tsaya. A 2004 aka ba Maathai lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, mace ta farko daga Afirka da ta samu.

Yawancin masu ba da labarin Karura a nan suke tsayawa, kuma a ganinmu sun tsaya ne daidai inda darasin yake farawa. Zanga-zanga ta hana a cinye ƙasar, amma shekara goma bayan nasarar, dajin yana nan babu mai shigarsa sai ɓarayi da masu sare itace a ɓoye. Ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su iya tsare shi, babu shinge, babu kuɗin gyara hanyoyi, kuma maƙwabtan da suka damu da shi ba su da wata ƙofa a doka da za su bi su sa hannu. Filin da aka ƙwato daga hannun masu handama, idan aka bar shi kufai, yana nan a bakin kura, domin gobe wani zai zo ya ce tunda wurin ya zama maɓoyar miyagu, gara a gine shi kowa ya huta.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne dokar gandun daji ta 2005. Dokar ta kafa sabuwar hukumar kula da dazuzzuka ta ƙasa, Kenya Forest Service, wadda hedikwatarta ma a cikin Karura take, sannan ta ba mutanen da ke zaune kusa da kowane daji damar su yi rajistar ƙungiya, su nemi izinin shiga cikin kula da shi. Mallakar ƙasar tana nan a hannun gwamnati, ba ta motsa ba. Abin da ƙungiyar ke samu shi ne yarjejeniya rubutacciya, wadda ta fayyace aikin da ke wuyanta da kuma amfanin da aka halatta wa mambobinta, kamar ɗiban zuma da ganyen magani da itacen girki, ko gudanar da harkar yawon buɗe ido. Muhimmancin rubutun shi ne, alƙawarin baki yakan tafi da jami'in da ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki, amma takardar da aka sa wa hannu tana jiran wanda ya gaje shi.

A ƙarƙashin wannan doka aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest a 2009. Alice Macaire, matar jakadan Birtaniya a Kenya na wancan lokaci, tana cikin waɗanda suka jagoranci kafa ta, Maathai kuma ta zama uwar ƙungiya. Mambobin sun haɗa da ƙungiyoyin mazauna unguwannin da ke kewaye, da kamfanoni, da ɗaiɗaikun mutane. Aikinsu na farko shi ne tsaro, domin sun fahimci cewa babu wanda zai kawo iyalinsa wurin da yake tsoron a tare shi. Da gudummawar kamfanoni da masu hali aka kewaye dajin da shingen lantarki mai tsawon kimanin kilomita 15, aka yi ƙofofin shiga sanannu, aka share hanyoyi aka sa musu alamomi masu lamba domin kada baƙo ya ɓace. A farkon 2011 aka buɗe wurin ga jama'a a hukumance, watanni kaɗan kafin rasuwar Maathai a watan Satumban wannan shekara.

Sai dai shinge kaɗai ba ya tsare daji idan mutanen da ke bayansa suna ganin an raba su da abincinsu ne. Wannan shi ne wurin da shirin ya fi nuna hikima. An je Huruma an zauna da mazaunanta, aka ɗauki matasansu aikin gadi, aka horar da su, aka ba su kaki da albashi, suka riƙa sintiri kafaɗa da kafaɗa da dogarawan hukuma. Waɗannan matasa sun san kowane lungu na dajin, sun san ta inda ake satar shiga, sun kuma san masu shigar, don haka abin da baƙon ma'aikaci zai yi wata yana nema, su a rana ɗaya suke gano shi. Mata kuma suka samu aikin rainon itatuwa da dasa su, da tumɓuke wani tsiro mai mamaya da ake kira lantana, wanda yake shaƙe ƙananan itatuwa ya hana su tasowa, wasu kuma suka kama kiwon zuma. Mai karɓar albashi daga daji yana da dalilin kansa na hana a ƙone shi, ba sai an yi masa wa'azin muhalli ba.

Da tsaro ya samu, sai aka juya ga gyaran dajin kansa. Turawan mulkin mallaka sun sare itatuwan asali da yawa sun maye gurbinsu da baƙin itatuwa masu saurin girma, musamman turare, domin samun makamashi da katako. Sannu a hankali ana cire waɗannan ana mayar da na asali, aikin da ke ɗaukar shekaru kafin ido ya ga sakamakonsa. Daga 2014 kuma aka fara kawo birai masu launin baƙi da fari da ake kira kolobus daga yankunan da gonaki suka cinye musu mazauni, fiye da ɗari, kuma sun zauna har sun hayayyafa.

Duk wannan aiki kuɗi yake ci, kuma mafi yawansa daga bakin ƙofa yake fitowa. An yi shekaru babban mutum ɗan Kenya yana biyan shilin 100, yaro shilin 50, baƙo daga ƙasar waje kuma yana biyan ninkin haka sau da dama. A waɗannan shekaru, kuɗin yana shiga asusun da hukuma da ƙungiya suke kula da shi tare, daga nan ake biyan masu gadi, a gyara shinge da gadoji, a sayi irin dashe. A nan akwai tambayar da bai kamata a kauce mata ba. Shilin 100 ba komai ba ne ga mazaunin Muthaiga, amma ga lebura mai 'ya'ya biyar, idan aka haɗa da kuɗin mota, ya isa ya sa ya haƙura ya zauna a gida. Wurin da Maathai ta zubar da jini a kansa domin ya zama na kowa, yau yana da ƙofa da mai karɓar kuɗi, kuma duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar da safe zai ga cewa yawancin masu shiga masu motoci ne. Masu kare tsarin suna cewa in ba da kuɗin ba, da dajin ya koma yadda yake kafin 2009, kuma tarihin wurin yana goyon bayansu. Amma samar wa talaka aiki a cikin wurin shaƙatawa abu ne daban da samar masa damar shaƙatawa a cikinsa, kuma a ra'ayinmu Karura ya fi yin nasara a na farkon. Ziyarar 'yan makaranta tana rage wannan giɓi, sai dai ba ta rufe shi ba.

Alaƙar hukuma da ƙungiya ita ma ba ta rasa tangarɗa. A watan Agustan 2025, hukumar dazuzzuka ta ba da umarnin cewa daga lokacin duk kuɗin shiga za a riƙa biyansa ne ta eCitizen, manhajar da gwamnatin Kenya ke karɓar kuɗaɗen ayyukanta da ita. Hujjar gwamnati ita ce, kuɗin da aka karɓa a kan kadarar jama'a dole ne ya bi ta hanya guda da za a iya bincika, kamar yadda aka umarci sauran hukumomi. Ƙungiyar kuma ta ce an yanke shawarar ba tare da an tuntuɓe ta ba, alhali akwai yarjejeniya tsakaninsu, ta kuma nuna fargabar cewa kuɗin da ya shiga baitulmalin gwamnati ba lalle ne ya dawo a kan kari ba, ga shi kuwa albashin masu gadi da na matan da ke rainon itatuwa duk ƙarshen wata ake biyansa. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, domin kula da dukiyar jama'a hakkin hukuma ne, amma ita ma hukumar ta san cewa shekarun da ta yi tana riƙe da dajin ita kaɗai su ne shekarun da babu mai iya shigarsa.