Amsoshin Tambayoyinku: Bakin Tekun Natural Bridges a Kalifoniya

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya rubuto mana yana neman bayani kan wuraren shaƙatawa na bakin teku da gwamnatocin jihohi ke kula da su a Amurka, yana kuma tambaya ko ana kwana a cikinsu.

Malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu ɗauki Natural Bridges, wanda ke garin Santa Cruz na jihar Kalifoniya, kimanin kilomita 120 kudu da San Francisco. Wuri ne na yini kawai: ana buɗe ƙofa da ƙarfe 8 na safe, a rufe da faɗuwar rana, kuma ba a kafa tanti. Mai mota yana biyan kuɗin shiga, wanda ya zo a ƙafa kuwa ba ya biya. Kayan more rayuwar ba su da yawa: banɗakuna, ruwan famfo, teburan cin abinci da murhunan gasa nama a inuwar itatuwa, sai ɗakin baje koli na maziyarta.

Abin da ke kawo jama'a shi ne dutsen da igiyar tekun Pasifik ta ƙwaƙule har ya zama kamar gada. A da irinsa uku ne. Ɗaya ya rushe tun farkon ƙarni na 20, na biyu kuma guguwa ta kayar da shi a 1980, wanda ya rage yana tsaye cikin ruwa, tsuntsayen teku na sauka a kansa. Idan ruwa ya janye, ƙananan kududdufai kan bayyana tsakanin duwatsu, cike da ƙaguwa da sauran halittun ruwa, waɗanda doka ta hana a ɗauka.

A ganinmu dai, abin kallon da ya fi duka yana can cikin kurmin itatuwan turare, inda dubban malam-buɗe-littafi masu ruwan lemo da baƙi ke sauka daga tsakiyar Oktoba don fakewa daga sanyi, su rataye a rassa cunkus, har wajen Fabrairu. An shimfiɗa hanyar katako zuwa wurin, wadda keken guragu ma ke iya bi.

Mai niyyar iyo ya sani cewa ruwan akwai sanyi ko da bazara, kuma igiyarsa tana da ƙarfin janye mutum.