Amsoshin Tambayoyinku: Tsakuwa a bututun matsarmama, a zura tiyo ko a yi tiyata?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Takardu uku muka ware yau, kuma duk a kan ciwo ɗaya suke.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce. Ta ce hoto ya nuna mahaifiyarta na da tsakuwa a matsarmama, ɗaya ma ta gangaro ta toshe bututu. Wani likita ya ce a zura tiyo ta baki a ciro ta, wani ya ce a yi tiyata, shi ne take tambayar wanne ya fi.

To malama, Allah ya ba mama lafiya. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, matsarmama ta adana shi, sai wani siririn bututu, wanda faɗinsa bai cika wuce milimita 6 ba, ya kai shi farkon ƙaramin hanji. Tsakuwa kan yi shekaru cikin matsarmama ba ta ce uffan ba. Ranar da ta faɗa bututun nan kuwa, ruwan sai ya rasa hanya ya koma jini: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koɗe, jiki ya kama ƙaiƙayi. Cikin mutum 100 da ake cire wa matsarmama saboda tsakuwa, akan sami 10 zuwa 15 da wata tsakuwar a bututu.

Aikin tiyo shi ne likitoci ke kira ERCP. Ana sa mutum barci, a zura tiyo mai kyamara ta baki, ya ratsa tumbi har bakin bututun. Likita ya ɗan tsaga naman da ke tsuke bakin, ya jawo tsakuwar da ɗan kwandon waya ko balan-balan, ta faɗa hanji ta fita da bayan gida. Tun 1974 aka fara wannan tsagar, a Jamus da Japan. Ba a yanka fata ko kaɗan, kuma cikin aiki 10 kusan 9 kan yi nasara. Sai dai kada a ɗauka wasa ne don ba a ga wuƙa ba. Fankiriyas, gaɓar da ke yin sinadarin insulin, bakin magudanarta ɗaya ne da na bututun, saboda haka takan kumbura bayan aikin, a wajen kimanin mutum 5 cikin 100. Galibi kumburin kan lafa cikin 'yan kwanaki, amma wani lokaci yakan yi tsanani har ya kai ga rasa rai. Akwai kuma zubar jini da hujewar hanji, ko da yake ba su kai shi yawa ba.

Ita tiyata iri biyu ce. Akwai ta buɗe ciki, wadda yanzu akan ajiye ta sai inda sauran dabaru suka gaza. Akwai kuma ta ƙananan huji, yawanci huɗu, inda likita zai share bututun ya kuma cire matsarmamar a zama ɗaya. Wannan shi ne babban alherinta, domin tiyo tsakuwar bututu kawai yake fitarwa, matsarmama tana nan, dole a sake shiga ɗakin tiyata a cire ta. Barci biyu ke nan maimakon ɗaya. Haɗarin tiyatar shi ne yoyon ruwan ɗaci daga inda aka ɗinke, kuma wani lokaci akan bar ɗan tiyo a gefen ciki na wasu makonni.

A 2013, masanan Cochrane, wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai tantance binciken likitanci, sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan hanyoyin biyu, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin tiyatar huji da aikin tiyo, ko a mace-mace ko a matsalolin bayan aiki. Don haka ni a ganina, malama, tambayar da za ki yi wa likitocin ita ce: wanne kuka fi yi a nan, kuma sau nawa kuke yin sa? Share bututu ta ƙananan huji aiki ne mai son hannun da ya saba da kayan aiki na musamman, ba kowane asibiti ke da su ba. In akwai gwanin, mama kuma na da ƙarfin jiki, zama ɗaya ya fi sauƙi. In kuwa shekaru sun ja, ko tana fama da zuciya ko huhu, ko kuma an riga an cire matsarmama tun da, tiyo ne a gaba.

Takarda ta biyu, wani bawan Allah ya ce an ciro masa tsakuwa da tiyo, ya warke garau, to me ya sa likita ya nace sai an cire matsarmama?

Malam, ka saurari likitanka. An kwashe abin da ya toshe hanya, amma inda ake ƙera tsakuwar yana nan daram, wata na iya gangarowa gobe. Shi ya sa ake son a cire ta da wuri, cikin kwanaki ko mako biyu in hali ya yi. Mutum na rayuwa lafiya lau ba matsarmama, don hanta ba ta daina aikinta. In kuma an sa maka ɗan bututun roba a ciki, ka tambayi ranar cire shi, domin yakan toshe bayan 'yan watanni.

Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali. Mai takardar ya ce idon mahaifinsa ya yi ɗorawa, ga ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, ga zazzaɓi da rawar sanyi, suna ba shi maganin shawara a gida suna jiran ranar ganin likita.

Ɗan'uwa, don Allah kada ku jira. Waɗannan alamomi uku in sun haɗu, ana zargin ƙwayoyin cuta sun shiga bututun da ya toshe, kuma suna iya bazuwa cikin jini a 'yan sa'o'i, musamman ga dattijo. Ba abin da za a sha ya narkar da tsakuwar da ta maƙale a nan. Abin da yake bukata shi ne ƙarin ruwa, da allurar kashe ƙwayoyin cuta, da buɗe hanyar cikin kwana ɗaya ko biyu. A irin wannan hali tiyo ake fara nema, ko da ba a ciro tsakuwar a ranar ba, a sa ɗan bututu ruwan ya wuce, in baba ya murmure a dawo kanta. Ku kai shi sashen taimakon gaggawa yau ɗin nan, ku tafi da duk hotuna da sakamakon gwajin jinin da aka yi masa.